Shekarar da Na Yi Farin Jini

Ni dai tun da Allah ya yi ni ban taɓa yin ƙiba ba. Ina saurayi, in na tuɓe riga a bakin rijiya, mata masu ɗiban ruwa sukan kau da kai saboda tausayi. Haƙarƙarina duk a fili, wuyana kamar na zalɓe. Baƙon da ya gan ni a kasuwa sai ya ɗauka fari ne ya koro ni daga wani gari. Amma duk faɗin Falanko, inda na girma, babu wanda ya kai ni shan man shanu.

Gwaggona ce sila. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata ina ɗan yaye, ta haɗa ni da ɗanta ta raine mu a ɗaki ɗaya. Ɗan nata, wato taubashina, tun yana rarrafe wuyansa ke ninke bisa ninke. Muna ci a ƙwarya guda, shi yana cika, ni ina tsayi kawai. Gwaggo ta ɗauki abin cin fuska ne gare ta. Takan ce, "Duk wanda ya gan ku tare cewa zai yi ina ciyar da nawa ina hana maraya." Sai ta sa ni gaba da man shanu. A fura, a tuwo, a kunu, har da safe ta narka shi a ludayi ta tsaya a kaina sai na shanye. Tun ina sha ina kuka har na koma ina nema da kaina.

Taubashina kuwa ko warinsa ba ya so, zuciyarsa tashi take yi. Abincinsa tuwo da miyar kuka, da fura da nono tsala, sai kuma noma, don shi mutum ne da in ya sunkuya a gona da safe ba ya miƙewa sai rana ta take. Duk da haka jiki ya ƙi barinsa. Mutanen gari ba su taɓa yarda ba, cewa suke a ɓoye yake cinye rabona. Shi yana kirana tsinke, ni ina kiransa rumbu, kuma ban tuna ranar da muka gaisa ba tare da zagi ba. Haka taubasai suke, mu dai namu ya ɗan fi na kowa gishiri.

Da na girma sai na kama cinikin hatsi. Yankinmu na Damargu ƙasar gero ce, kuma duk wanda ke arewa da mu bakinsa na cikin rumbunanmu. Buzaye su zo da cuku da gishiri da dabino, Fulani su zo da nono da man shanu, su koma da gero. Sana'ar ta zo mini daidai. Na sa aka ɗinka mini babban tandu na fata, na rataye shi a ɗakina, kullum cike da man shanu. In an yanka raƙumi ko sa a kasuwa, mahauci ya san wanda zai ajiye wa tozo. Na yi aure, matata mace mai shiru, ta zo ta tarar da tandun ya riga ta zama a ɗakin.

Abin da zan faɗa ya faru ne a wata kaka, 'yan shekaru bayan babbar murar nan da ta share mutane a ƙarshen yaƙin Turawa. A lokacin kumandan Turawa ya riga ya zauna a Tanut, amma mu a ƙauye ba mu san likita ba, wanzami da malam da tsofaffin mata ne likitocinmu. Waccan babbar mura ita ta ɗauki mahaifina. Mutum ne kakkaura, mai ƙirji kamar ƙofar gari, kuma taubashina shi ya ɗauko sak. Tun daga nan mutanenmu suka riƙe cewa irin wannan ciwo masu jiki yake nema.

A kakar nan damina ta yi kyau, shanu sun ƙoshi, man shanu ya yi arha har ba a ciniki a kansa. Sai waɗanda suka je kasuwar Belbeji suka dawo da atishawa. Kafin wata kasuwar ta zagayo, gida-gida ana tari. Ba murar da muka saba ba ce. Tana zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ta kwantar da mutum, wasu ta sake su, wasu kuma ta gangara musu ƙirji.

Nan take idon gari ya koma kan taubashina. Tsofaffi su tsayar da shi a hanya su shafa kansa, su yi masa addu'ar da bai roƙa ba. Gwaggo ta je wurin malam ta karɓo layu ta rataya masa, har yana tafiya suna kaɗawa kamar akuyar da aka sa wa ƙararrawa. Ni kuwa na samu abin yi. Na tarar da shi yana ɗaure dami a gona, na ɗauki karan gero na shiga auna shi daga kai zuwa ƙafa, sannan daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Me kake yi, tsinke?"

Na ce, "Ina so in san ko rijiya za mu haƙa maka, tun da sauran ƙarfi a jikin samari."

Ya ce, "Kai ai ba sai an wahalar da kowa ba. Ramin gafiya ya ishe ka."

"Ni ciwo bai ganina. In ya shigo ɗaki na juya gefe, shi ke nan ya wuce."

Ya yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba. Tsoro yake ji, don yana nan ranar da aka ɗauki gawar kawunsa, wato mahaifina.

Rana ɗaya murar ta kama mu. Shi da safe, ni da la'asar. Gwaggo ta ce ba za ta riƙa gudu tsakanin ɗaki biyu ba, ta sa aka shimfiɗa mana tabarmi a rumfar tsakar gidanta, aka kewaye da zana. Matar taubashina tana gidan iyayenta wankan jego, don haka jinyar ta faɗa kan Gwaggo da matata.

Ban taɓa ganin mai ciwo irin taubashina ba. In ya yi atishawa kaji sukan watse. In ya yi nishi sai maƙwabta su leƙo su tambaya ko an gama. Ya kira uwarsa ya nemi gafara. Ya kira matata ya nemi gafara, ita da bai taɓa yi wa komai ba. Ya aika a kira masa limami, limami ya aiko cewa shi ma yana kwance. Da ya rasa wanda zai saurare shi sai ya juyo gare ni ya fara wasiyya.

Ya ce, "Tsinke, na bar maka jakina. Ka riƙe shi amana. Kada ka hau shi, ƙasusuwanka za su ji masa ciwo."

Na ce, "Na karɓa. Gonar fa?"

"Gona ta ɗana ce. Kai ko an ba ka, hauya ta fi ka nauyi."

Haka muka yi ta yi, muna tari muna zagi, Gwaggo tana share hawaye tana cewa mu yi shiru. Duk wanda ya zo gaisuwa daga bayan zana, shi yake tambaya. Ni sai a ƙarshe a ce, "Ɗayan ma da sauƙi ko?" A ce da sauƙi.

Maganin Gwaggo ɗaya ne ga kowane tari: man shanu mai ɗumi da citta da tafarnuwa. Taubashina ya ce gara ya mutu, ya toshe baki da hanci, sai ta haƙura ta riƙa ba shi kunun tsamiya. Ni kuma na riƙa shan nawa da nasa.

Bayan 'yan kwanaki zufa ta karyo masa. Ya tashi zaune, ya duba hagu da dama kamar wanda aka yaudara, ya ce yunwa yake ji. Ya ci tuwo, ya nemi ƙari, ya ce ya janye maganar jaki. A lokacin ne aka lura cewa ni na daina mayar masa da magana. Ba na nishi, ba na kiran kowa, numfashin ne kawai ya gajarce. In na ja iska sai ta tsaya a maƙogwaro, kamar gugar da igiyarta ba ta kai ruwa ba. Gefen ƙirjina yana suka. Matata ce ta fara gani. Ta durƙusa kusa da Gwaggo, kanta a ƙasa, ta ce, "Gwaggo, a duba leɓɓansa."

Aka kira wanzami. Dattijo ne, shi ya yi mana kaciya mu biyu, kuma har muka girma bai daina kallonmu kamar yaran da ya taɓa sa wa kuka ba. Ya taɓa goshina, ya saurari tarina, ya ce zai yi mini ƙaho a baya ko ƙirjin ya saki. Gwaggo ta ce ya haɗa da ɗanta, a fitar da ragowar ciwon. Taubashina ya ce ya warke sarai. Ba wanda ya saurare shi.

Wanzami ya saba zubar da jinin ƙaho a cikin rairayi ya rufe. Ran nan Gwaggo ta ce ba a tsakar gidanta ba, kaji za su tona. Ta ba shi sakaina biyu, ya juye na kowa a tasa, ya tura su gindin zana da nufin in ya gama ya fita da su bayan gari. Sai lokacin azahar ya yi, ya wanke hannu ya tafi masallaci. Daga can aka ja shi wani gida, bai dawo ba sai da inuwa ta juya.

Ina kwance ina kallonsa lokacin da ya sunkuya zai ɗauki sakainun. Ya tsaya. Ya ɗauko su ya fito da su haske. Jinin ya daskare a duka biyun, kuma ruwa ya fito ya kewaye shi, kamar yadda jini ke yi in ya jima. A ɗaya ruwan garau yake, ɗan rawaya-rawaya. A ɗayar kuwa fari ne, mai kauri, kamar an zuba madara a kai.

Gwaggo ta leƙa, ta dafe ƙirji, ta juya kan ɗanta. Ta ce, "Ka gani ko? Kitse har ya rasa wurin zama a jikinka ya shiga jini."

Taubashina ya ce, "Inna, wa ya ce nawa ne?"

"To na wa zai zama? Na wannan da iska ke kayarwa?"

Ya ce wa wanzami, "Baba, ka faɗi gaskiya. Wacce ce tawa?"

Wanzami ya sosa gemu. Ya ce shi dai ya san ya ajiye ɗaya dama ɗaya hagu, amma ya ɗauko su ya juya, yanzu ba zai rantse ba. In aka bi hankali dai, in ji shi, mai maiƙon ta mai jiki ce.

Kafin magariba labari ya gama gari cewa an yi wa rumbu ƙaho man shanu ya fito. Wata tsohuwa ta aiko tambaya ko za a sayar. Abokan nomansa suka tsaya bayan zana suna cewa dama sun sani, shekara da shekaru yana shan rabon maraya, yau Allah ya tona. Mutumin da jiya yake neman gafarar duniya ya tashi tsaye, layu na kaɗawa, ya rantse ba zai kwana da wannan ƙazafi ba. Da gari ya waye ya je da ƙafarsa ya taso wanzami, ya ce a sake, a gaban shaidu.

Wanzami ya ce jikina ba zai ɗauki ƙaho da yawa ba, guda ɗaya zai kafa wa kowa. Aka kawo sababbin sakainu. Taubashina ya karya tsinke daga zana ya jefa a tawa, ya ce ga alama, kowa ya gani. Aka ajiye su a inuwa, aka kife ƙwarya a kai, shi kuma ya zauna gadi da sanda. Mutanen da ke gudun gidanmu saboda ciwo suka taru a bakin ƙofa, kowa ya rufe hanci da gefen rawani, amma ba wanda ya tafi.

Da aka buɗe, tasa garau. Mai tsinken ce fara.

Taubashina ya ɗauki sakainar ya zagaya da ita yana nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tallan turare. Sannan ya dawo ya tsuguna a kaina ya ce, "Tsinke, ashe duk garin nan ba wanda ya kai ka farin jini. Mu muna ta wahalar gaishe da mutane, kai naka a ciki yake."

Na so in yi dariya, tari ya hana ni.

Aka tambayi wanzami ma'anar abin. Ya ce bai sani ba. A tsawon aikinsa ya taɓa ganin haka jefi-jefi, wani mai jiki, wani marar jiki, kuma abin da ya tuna shi ne masu irin wannan jini in ciwo ya kama su ba ya yi musu da wasa. Ko jinin ne ke jawo ciwon, ko ciwon ne ke ɓata jinin, wannan sai Allah. Ya tattara ƙahonninsa ya tafi. Ƙahon kuwa bai ƙare ni da komai ba sai jiri.

Gwaggo ta fahimci abin ta wata fuska. Ta ce ciwon ne ke tsotse man jikina yana zubarwa a jini, don haka sai a ƙara mini. Ta ɗora kasko a wuta. Matata tana tsaye da ludayi a hannu. Ba ta iya musu da surukarta, a zamaninmu ko ido ba a haɗawa. Sai ta ajiye ludayin, ta zagaya bayan rumfa inda taubashina ke wanke fuska. Ban ji abin da ta ce masa ba. Na dai ga ya wuce ɗakina, ya fito rungume da tandu, fuska a yamutse, kansa a juye gefe kamar mai ɗauke da mushe, ya kai ɗakinsa ya ja ƙyaure.

Gwaggo ta je ɗebo mai ta tarar da igiya kawai tana lilo. Ta ce, "Ina tandun?"

Ya ce, "Yana ɗakina, Inna."

"Kai da ba ka sha?"

"Shi ya sa. Duk garin nan nan ne kaɗai zai kwana lafiya."

Ta ce ya ɗauko tun tana ganin girmansa. Ya durƙusa a gabanta, da ƙyar, don durƙuso ba ya yi masa sauƙi. Ya ce, "Inna, tun muna yara kike zuba wa yaron nan mai, kina tambayar ina yake tafiya. To ga shi mun ga inda yake tafiya. Ki bari mu gwada kunu. In bai yi ba, ni da kaina zan sha ludayi guda a gabanki."

Gwaggo ta zauna a kan turmi ta yi kuka. Ta ce ta rasa yayanta, ta yi ta tsoron rasa ɗanta, ashe can gefen da ba ta duba ba ne ɓarawon ya shigo. Matata ta matsa ta sauke kaskon daga wuta, ta ɗora tukunyar kunu.

Kwanakin da suka biyo baya ba na tuna su duka. Na san dai kwanciya ta gagare ni. Da na miƙe a tabarma sai numfashi ya ɗauke, sai an tayar da ni zaune. Aka jingina ni da buhun gero, ya yi mini tauri, aka jingina ni da dirkar rumfa, na zame. Sai taubashina ya zauna ya buɗe ƙafafu, ya jawo ni ya kwantar da bayana a kan cikinsa, ya riƙe kafaɗuna. A nan kaɗai nake samun iska. Haka yake wuni da ni, ga gero a gona yana jiran ɗauka, tsuntsaye na ci. Matata tana kawo tukunyar sirace da ganyaye, a lulluɓe mu tare da bargo, ni mai ciwo da shi mai lafiya, ya fito yana zufa kamar an tsamo shi daga tafki. Tana ba ni kunu cokali-cokali, da ruwan ɗumi, da romon kaza da ta kwashe maiƙonsa tas. Gwaggo tana zaune gefe da carbi.

Wata la'asar na farka na ji tsit. Ina jin ƙirjinsa na hawa da sauka a bayana, amma bai ce komai ba. Na tuna tun safe bai zage ni ba, jiya ma haka. A nan ne tsoro ya kama ni, don ban san abin ya kai haka ba sai da na ga rumbu ya yi ladabi.

Na ce, da 'yar muryar da ta rage mini, "Ka zage ni mana."

Can ya ce, "Me zan zaga? Babu abin da ya saura."

"Ka nema."

Ya ja hanci. Ya ce, "Ƙashin bayanka ya huda mini ciki. In ka tashi sai ka biya ni diyya. Kuma in ka mutu a kaina, wallahi ba zan ɗauke ka ba, aljihu zan sa ka in kai."

Na ji daɗin wannan magana fiye da duk addu'ar da aka tofa mini. Na koma barci.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Zazzaɓin ya riƙa ja da baya yana dawowa, kaki ya fara fita, wata safiya na ga na kwanta da gefe kuma ban shaƙe ba. Sai da aka gama ɗaukar amfanin gona, aka rufe rumbuna, sannan na iya zuwa bakin ƙofa da sanda. Na ƙara ramewa, abin da kowa ya ɗauka ba zai yiwu ba.

Garin ya yi ta gardama a kan lamarina har rani. Masu cewa maiƙo ne suna kafa hujja da mahauci, wanda shi ma ciwon ya kai shi bakin kabari ya dawo. Masu cewa ba shi ba ne suna kawo wata tsohuwa da ke ƙarshen gari, wadda ba ta ga man shanu ba sai a ƙwaryar wasu, kuma ita ciwon bai bar ta ba. Fulanin da ke kawo mana man suka ce su a cikinsa aka haife su, ga su nan a tsaye. Ba a taɓa raba gardamar ba. Sai bayan shekaru masu yawa, na riga na yi furfura, wani likita a Damagaram ya ɗebi jinina a kwalba don wani ciwo daban, ya dawo yana tambayata abin da nake ci. Na ba shi labarin sakaina. Ya ce akwai mutanen da jininsu ke riƙe kitse ko da jikinsu bai nuna ba, wani lokaci gado ne, kuma irinsu ciwon ƙirji yakan fi ba su wuya. Ya ce shi ma zazzaɓi mai tsanani yana iya birkita kitsen jini. Na tambaye shi ko ɗauke tandun ne ya cece ni. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma bai ga laifin wanda ya ɗauke ba.

Ban daina cin man shanu ɗungum ba, kada in yi ƙarya. Matata ce ta karɓi ragamar, takan ɗiga mini kaɗan a tuwo ranar Juma'a, Gwaggo tana kallo tana girgiza kai. Wanda ke cikin tandun kuwa taubashina ya ƙarar da shi a shafa wa guga da igiyoyin fata, da fason ƙafarsa, yana yi yana toshe hanci.

Da na ji ƙarfi sosai sai muka shirya zuwa kasuwar Belbeji tare, ni da buhun gero a kan jakinsa, shi a ƙasa yana kora, yana mita cewa tun yana da rai na ci gado. Da muka isa ya tsaya ɗaure jakin a bayan rumfuna, ni na wuce wurin masu hatsi. Wani Buzu abokin cinikina, wanda ya san mu mu biyu, ya hango ni ya taso. Labari ya kai musu cewa murar ta shiga gidanmu ta kwantar da mutum biyu, ɗaya ya tashi, ɗaya an fid da rai. Da ya gan ni a tsaye sai ya gama lissafinsa. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙan ɗan'uwanka. Mutumin kirki ne. Dama mun ce jikin nan ba zai bar shi ba."

Na ce, "Amin."

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce marigayin ya taɓa taimaka masa ɗaga raƙumi da ya faɗa rami. Wata Bafillatana ta ce ko da yake bai taɓa sayen man shanunta ba, kullum yana gaishe ta. Na ce haka yake, Allah ya yi shi da haƙuri, sai dai ci. Aka ɗaga hannu za a yi fatiha, Buzun ya kwance jakarsa ya fito da dabino da cuku ya ce a yi masa sadaka.

Taubashina ya iso daga baya, ya tarar da hannaye a sama, ya ɗaga nasa shi ma. Da aka shafa ya tambayi na kusa da shi, "Wa ya rasu?"

Mutumin ya juyo, ya dube shi, ya ja da baya har ya taka ƙwaryar nonon Bafillatanar. Buzun ya saki hannuna. Ya dubi taubashina, ya dube ni, ya gyara rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Na ce, "Kai ne, rumbu. Ka makara, an gama."

Ya tsaya ya ji duk abin da aka faɗa a kansa, ya sa aka maimaita masa na raƙumin. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi dabinon da cukun, ya ce tun da sadakarsa ce ba wanda ya fi shi cancanta. Ya zauna a kan buhun gerona ya cinye dabinon tas, cukun kuma ya ƙulle a gefen riga ya ce na Inna ne, bai ba ni ko ɓalli ba. Muka sayar da hatsinmu, muka kamo hanyar gida tun rana na sama.